Man Gyaɗarmu Zai Kai Har Beri

Zuwa ga Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya sanyin Jos? Yaya ƙafar taki? Mu nan Kontagora lafiya lau, alhamdu lillahi.

Yaya, albishirinki! Watan jiya Alhaji Ɗanlami, mai sarin man gyaɗa yana kaiwa Mashegu, ya sake zuwa ya tarar ban gama man da nake yi masa ba. Ya ce, "Rabi, in na ƙara komawa hannu wofi, wata zan nema." Ranar ko abinci ban iya ci ba.

Maƙwabciyata Maryamu ce ta ce, "Ke kaɗai kike komai, shi ya sa wuta ke jiran turmi. Raba mana aikin mana." Haka muka yi. Ita ke suyar gyaɗa, ƙanwarta Ladi na daka, ni ina matse mai, Inna kuma na zaune tana murza ƙuli. Wadda ta gama sai ta miƙa wa ta gaba.

Da Alhaji ya dawo, ya tarar da garewani cike a jere a zaure. Ya ce daga yanzu har man da yake kaiwa garin Beri mu za mu riƙa yi masa! Inna har guɗa ta yi.

Ki taya mu addu'a Allah ya ɗorar da wannan haɗin kai. Ki gaishe da maigida da su Binta. In za ki zo da Sallah, kada ki sayi mai, ki taho da babbar kwalba kawai.

Ƙanwarki,
Rabi