Hoton Tashar Babanku Ya Lalace

Assalamu alaikum Hadiza. Ina gaishe ki da kyau. Ya maigidanki da yara? Ya jikin surukarki? Allah ya ƙara sauƙi.

Hankalina ba a kwance yake ba. Tun da ciwon mantuwa ya kama babanku, ba abin da ke sa shi magana sai ɗan jirgin ƙasan wasa da yayanki ya shimfiɗa masa a ɗaki, da dogon hoton tashar Nguru da aka manna a bango bayan jirgin. A gabansa yake cin abinci, yana ɗaga wa jirgi hannu kamar lokacin aikinsa a tashar.

To, nan Guangzhou ta ƙasar Sin in damina ta kusa, bango gumi yake yi. Hoton ya fara ɓallewa. Yayanki yana kasuwa, sai na dama fulawa na manne shi, yadda muke yi a gida rana ta busar. Nan bai bushe ba. Ya yi fumfuna, kyankyasai suka cinye rabin tashar.

Jiya babanku ya daɗe yana kallon bangon, ya ce, "Hajiya, an rufe tasha." Tun daga nan ko ruwa sai da lallashi.

Wayar da hoton yake ciki ta ɓace. Don Allah gobe ki je tashar ki ɗauko wani, ki turo wa yayanki a buga. Ki tabbata darbejiyar nan ta tashar ta fito a hoton, ita yake ganewa.

Ki gaida kowa. Ku sa shi a addu'a.

Mahaifiyarki