Maganar Wa Nahla Za Ta Ji

Litinin, 3 ga Oktoba

Surukata Sabrin ta sauka lafiya bayan azahar. Mace. Na zama kaka. Ɗana Midhat ya miƙo mini ita a bakin ɗakin haihuwa, ya ce ni zan yi mata kiran salla a kunne. Na fara, na rikice a tsakiya, sai da na sake daga farko. Nauyinta bai kai ƙunshin zare ba. Na sayi alewa na raba wa duk wanda ke zaune a gindin katangar asibiti, har da wani da ya zo cire haƙori.

Autata Nahla tana ciki tun safe tare da matar wanta, an bar ta saboda ita ma ma'aikaciyar jinya ce. Da ta fito ba ni ta fara nema ba. Wata doguwar mata mai tabarau take bi, shugabar ɗakin, wai ita Abla Inshira. Da ta tuna da ni, ubanta, sai ta ce, "Yaba, da ka ga hannunta!" Na ce na gani, ƙanana kamar tsinken dabino. Ashe hannun Abla take nufi.

Laraba, 5 ga Oktoba

Yau ban taɓa masaƙa ba. Na wuni ina leƙa ɗaki, matata Umm Midhat na korata.

Jumma'a, 7 ga Oktoba

Bari in rubuta yadda abin yake don kada zuciyata ta ƙara masa gishiri. Nahla ta gama aikin wajibi da aka tura ta ƙauye. Ni na samo mata wuri a asibitin ido na Dakta Fahim, a ƙarshen layinmu. Aikin rana ne, albashi ya fi na gwamnati, ga sanyi a ɗaki, ta dawo gida ta ci abinci ta koma. Mun yi maganar a gidan shayi, a gaban mutane, na kama gashin bakina, alamar alkawari, na ce farkon Nuwamba 'yata za ta fara. A garinmu Akhmim kowa ya san abin da hakan ke nufi.

Yanzu kuwa a kan faranti ba a jin komai sai Abla ta ce. Abla ta ce mai son ɗaukar jarirai ta tafi ɗakin renon jarirai, a ɗakin haihuwa uwar ce majinyaciyarki. Abla ta ce kada ki zaɓi asibiti don daɓensa na sheƙi, ki tambaya mata nawa ake bar wa ma'aikaciya ɗaya, kuma wa zai tsaya a kanki a watannin farko. Abla ta ce ki tambaya ko suna ajiye jini, kuma in kin kira likita yana zuwa ko aike yake yi. Na ce to Abla ba ta ce a miƙa wa uba gishiri ba? Ba wanda ya yi dariya sai Midhat, shi ma don ya ga fuskata.

Yarinyar nan ita ta zauna da ni lokacin da nake zuwa ajin yamma da furfurata. Tana 'yar firamare, ta kama yatsana tana bi da shi kan baƙaƙe. In malami ya ba mu aiki, tare muke yi. Ba ta taɓa sayen ko ɗankwali ba ta tambaye ni launi ba.

Lahadi, 9 ga Oktoba

Bikin kwana bakwai. Sunanta Tasnim. Gida ya cika, yara da kyandir suna zagaye, an dafa mugat, abin shan masu jego, har ƙamshin man shanu ya kai titi. Na saƙa mata ƙyallen da aka shimfiɗa a cikin rariya, fari da bakin shuɗi, kowa ya taɓa ya yaba. Aka kwantar da ita, Sabrin ta tsallaka ta sau bakwai, mata na watsa gishiri. Na yi kuka, ban ɓoye ba.

Sai wajen daka turmin tagulla. A gidanmu babbar mace a dangi ke dakawa tana yi wa jariri umarni. Yayata tana nan zaune. Amma Umm Midhat ta ɗauki taɓaryar ta miƙa wa baƙuwa, Abla Inshira, wai hannun da ya karɓi yarinya shi ya cancanta. Ban ma san an gayyace ta ba.

Ta daka. Ki ji maganar uwarki. Ta daka. Ki ji maganar ubanki. Ki ji ta gwaggonki Nahla. Sai ta kalle ni ta saman tabarau, ta daka da ƙarfi: "Ta kakanki kuwa, ki ji, ki sumbaci hannunsa, ki yi abin da kika ga dama."

Gida ya ɗauki shewa. Na san kowace tsohuwa tana irin wannan wasa a kan turmi, uwata ma ta yi wa surukinta. Na yi dariya tare da su. Amma na ga Nahla ta rufe baki da mayafi, kafaɗarta na motsi.

Litinin, 10 ga Oktoba

Zare ya tsinke mini sau da yawa. Ba laifin zaren ba ne.

Alhamis, 13 ga Oktoba

Nahla ta kawo mini shayi wurin masaƙa, ta zauna a kan buhun zare, ta yi ta juya cokali. Daga ƙarshe ta ce akwai gurbi a ɗakin haihuwa a asibitin tsallaken gada, inda Abla take. Na ce na riga na ba da kalma. Ta ce ta sani. Na lissafa mata: kwana a tsaye, jini har gwiwa, albashin da ba ya sayen takalmi, dangin mai haihuwa su zage ki in yaro ya zo mace. Ta ci gaba da juya cokali. Na ce farkon wata Dakta Fahim na jiranki. Ta ce, "Yadda ka ce, Yaba." Ta ɗauki kofin ta fita.

Na ci nasara. Na gaya wa Umm Midhat, ta ce Allah ya sa albarka, ta ci gaba da yanka lalo ba ta ɗago ba.

Asabar, 15 ga Oktoba

Tasnim ta riƙe yatsana. Sabrin ta ce duk jarirai haka suke yi. Na Midhat ba ta riƙe haka ba, na lura.

Nahla ta daina cewa Abla ta ce. Ta daina cewa komai ma.

Talata, 18 ga Oktoba

Na sa rigar Jumma'a na haye gada. Niyyata in gaya wa Ablar nan ta fita daga harkar gidana, don na ji har yanzu suna waya da Nahla. Na same ta a wani ɗan ɗaki tana cin gurasa da wake a tsaye. Ba ta ba ni kujera ba, don babu.

Ban gama sallama ba ta ce in hutar da bakina, ta san abin da ya kawo ni. Ta ce ita ce ta gaya wa Nahla kada ta zo. Gurbi ɗaya ne, kuma tana da wata yarinya, Marina, wadda za ta ba.

Duk maganar da na haɗa a kan gada ta zube. Sai na ji kaina ina tambaya, me Marina ta fi 'yata da shi?

Ta ce hannu dai Nahla ta fi. Ido ma. Ranar da Sabrin ta haihu, Nahla ce ta fara ganin jinin ya wuce ƙa'ida. Wannan ba wanda ya gaya mini. Amma da ta gani, wai sai ta zo kusa da kunnen Abla ta yi raɗa, kamar mai neman gafara. Abla ta share hannunta ta ce, "Ya Hajj, a ɗakin nan wata rana sai ka tare likita a ƙofa ka ce ba inda za ka. Yarinyar da ba ta iya ce wa ubanta a'a ba, yaya za ta ce wa likita? Ka yi tarbiyya mai kyau. Ta dace da asibitin ido."

Aka kira ta daga ciki, ta tafi ta bar rabin gurasar.

Laraba, 19 ga Oktoba

Ka yi tarbiyya mai kyau. Ban taɓa jin yabo mai ɗaci haka ba.

Na tambayi mai gadin asibiti, ya nuna mini Marinar. Gajeruwa ce, tana tafiya tana cin gyaɗa. Wannan?

Asabar, 22 ga Oktoba

Na gwada Nahla. Na ce shayin ba sukari, alhali ya yi. Ta ƙara. Na ce ya yi yawa. Ta sake dafa wani. Na ce in ta fara aiki kada ta riƙa dawowa cin abinci, ta ce to. Na ce a'a, ta riƙa dawowa, ta ce to. Na ji kamar in jefa ƙoshiyar saƙa a bango.

Umm Midhat ta ce me ya same ni, ko zama kaka ne ya taɓa mini kai. Ban gaya mata na je tsallake ba. Ina jin ta sani. Matan nan duk bakinsu ɗaya.

Talata, 25 ga Oktoba

Dakta Fahim ya tsaya a ƙofar shago, ya ce ya sa an ɗinka wa Nahla farar riga. Ya ce mako mai zuwa ke nan, Abu Midhat. Na ce in sha Allahu. Mutumin kirki ne, shi ya yi wa yayata aikin yanar ido bai karɓi rabin kuɗinsa ba.

Alhamis, 27 ga Oktoba

A kan faranti, kowa na nan. Na ce na yi tunani, gara ma Nahla ta yanke waya da matar nan gaba ɗaya. Na ce mata irin su ba su da gida shi ya sa suke kwashe 'ya'yan mutane. Na ce aikin karɓar haihuwa kowace tsohuwa a ƙauye tana yi ba tare da makaranta ba. Allah ya sani rabin maganar daga zuciyata ta fito, rabin kuwa ban san daga ina ba. Midhat ya ce Yaba, ya isa. Ban tsaya ba. Na ce ta ba ni wayar in goge lambar da hannuna.

Ta ajiye gurasa. Fuskarta ta yi fari. Ta ce, "A'a, Yaba."

Na ce me kika ce? Ta maimaita, ta ƙara da cewa asibitin idon ma ba za ta ba. Ta ce ko Abla ba ta ɗauke ta ba za ta nemi wani ɗakin haihuwar, ko a can birnin Asyut ne. Ta ce ta yi ƙoƙarin so, ta kasa. Sai ta tashi ta zo ta sumbaci hannuna tana kuka, ta shige ɗaki.

Na ɗauka zan ji daɗi. Ya yi zafi fiye da yadda na zata. Shekara ashirin da uku ban taɓa jin kalmar nan daga bakinta ba. Umm Midhat ta tura mini kwanon lalo ta ce ci, ka samu abin da ka nema.

Lahadi, 30 ga Oktoba

Na je gidan shayi, ba asibitinsa ba. Inda aka ɗaura nan ake kwancewa. A gaban mutanen da suka ji ranar farko na ce wa Dakta Fahim na kasa cika kalmata, 'yata ta ƙi. Wani ya yi tari. Wani ya ce yanzu 'ya'ya mata ke riƙe da gida. Dakta ya ce rigar fa? Na ce zan biya. Ya ce bar shi. Bai gama shayinsa ba ya tashi.

Ba zan koma gidan shayin nan ba sai bayan wani lokaci.

Alhamis, 3 ga Nuwamba

Abla ta ɗauki Nahla gwaji na wata uku, ita da Marina. Ɗaya za ta zauna. Wai ta ce mata ta sayi takalmi mai taushi kafin ta sayi komai, kuma ranar da aka rasa jariri kada ta tafi gida ita kaɗai da abin a ciki, ta samu wanda za ta gaya wa. Ban tambaya wa za ta gaya wa ba.

Laraba, 23 ga Nuwamba

Tasnim ta yi mini murmushi. Wannan karon ko Sabrin ba ta musa ba.

Na haye gada sayen rini. Rinin tsallake ya fi, kowa ya sani. Tun da hanya ce na tsaya a gindin katangar asibiti, da ɗan ƙunshin gurasa da cuku, don Umm Midhat ta ce yarinyar ba ta karya ba. Wani dattijo mai rawani ya fito yana raba alewa, 'yarsa ta haihu bayan wahala. Ya zauna kusa da ni yana ba da labari ba wanda ya tambaye shi. Wai likita ya duba ya ce da saura, zai tafi, sai wata 'yar siririya ta tsaya a ƙofa ta ce sai ya sake dubawa. Matarsa ta ji muryarta har waje. Ya ce wallahi daga yau yarinyar nan 'yarsa ce.

Na tambaya, gajeruwa ce mai cin gyaɗa? Ya ce a'a, doguwa, mai tabo a haɓa. Tabon nan na san shi tun Nahla na ƙarama.

Na ce masa tana da uba.

Ya ba ni alewa biyu. Na ba mai gadi ƙunshin ya kai ciki. Gurasar ta yi wa mutum ɗaya yawa, na ce in ta rage a ba shugabar ɗakin, tun da na ga ba ta iya gama cin abinci. Rinin kuma na manta ban saya ba, sai na koma gobe.