Jan Ɗigon Umarari

Litinin, 8 ga Yuni, 2015
"Wannan ƙaton jan, shi ne kwamandansu ko?" Oga Ya'akubu ke nan, yatsa a kan gilashin kwamfutata, da maiƙon ƙosai. Na sake yi masa bayani: manhajar tana karanta saƙonnin wayoyin da aka ƙwace daga waɗanda ake zargi, ta zana kowace lamba a matsayin ɗigo, mai yawan aika saƙo ɗigonsa ya kumbura. Yawan surutu take aunawa, ba laifi ba. Ya ce ya gane. Ya kira Abuja ya ce an samu kwamanda.

Talata, 9 ga Yuni
Kwamandan wani tela ne daga unguwar Umarari, Mikail. Yana tsare a ɗakin baya. Duk ranar da bam ya tashi, wayarsa tana aman saƙonni. A jadawali kamar haƙoran zarto. Ni ma sai da na fara zarginsa.

Alhamis, 11 ga Yuni
Na karanta saƙonnin. Guda ɗaya ne, ana ta maimaitawa: "Kuna lafiya? Ku amsa. Falmata." Uwarsa ce. Ba ta iya rubutu ba, da ta ji ƙara sai ta tsaya a kansa har ya aika wa dangi, surukai, tsoffin maƙwabta da mai kawo mata gawayi. Na buɗa jadawalin na nuna wa Oga cewa saƙon bayan fashewa yake fita, ba kafin ta ba. Ya ce, "Malama Siddiƙa, jami'a ta ɓata ki. In ba shi da laifi me ya sa ya yi ja?"
Ni na zaɓi launin. Don ya dace da labulen ofis.

Juma'a, 12 ga Yuni
Ya Falmata tana bakin get tun safe da kwanon abinci. Ta ce mini wushe, gaisuwarsu ke nan, ta tambaya ko ni ce mai injin. Na ce ni ce. Ta ce in gaya wa injin ɗanta ko kaza ba ya iya yankawa. Na ce zan isar.
Ranar Talata za a wuce da shi barikin da ba a cika dawowa ba.

Asabar
Ba ruwana. Zane aka ɗauke ni in yi.

Litinin, 15 ga Yuni
Na zana har da waɗanda suka amsa wa Ya Falmata. Rabin unguwar Dala ya fito, da limamai biyu. Can gefe wata lamba daga unguwar Fezzan, ba ta taɓa fashin amsa ba: "Lafiya lau Ya Falmata, Baban Adam ma yana ofis." Na san lambar, kullum tana kiran Oga a kan cefane. Na ƙara mata girma kaɗan. Na sa mata ja.

Talata, 16 ga Yuni
Oga ya daɗe yana kallon zanen. Ya ce, "Wannan ba Binta ba ce?" Na ce ai manhaja ba ta san matar kowa ba, kuma in za a aika Abuja, duka za a aika. Ya share gumi, ya ce dama shi tun farko bai yarda da injin nan ba.
Kafin la'asar aka saki Mikail, takalmi ƙafa ɗaya. Uwar ba ta yi kuka ba, faɗa ta hau shi da shi don ya rame. Sannan ta juyo ta ce in ba shi lambata. Na ce ni ba na amsa saƙo. Ta ce za ta yi ta aikowa.
Na ba shi. Don kada a tara mini jama'a a get ne kawai.
Oga ya leƙo ya ce gobe in canza launin, in kuma ja masa ƙofa. Na ja ta har ta yi ƙara, na tafi neman Keke Napep.