Motar Abijan Ta Tashi, Ni Ina Kan Turke

Zuwa ga Jannatu ɗiyar Baba Tanko, farin watan Affala, ruwan farko mai sauka bisa jan dutsen Adar, inuwar gawo a tsakiyar rani, zumar da ɗan kasuwa bai taɓa cakuɗawa da sukari ba!

Ina gaishe ki, ina ƙara gaishe ki. Jannatu, an saki gonaki! An faɗa a rediyo, an gama ɗauke hatsi, dabbobi sun shiga karmami. Motar Abijan ta tashi da hantsin nan cike da samarin cin rani, ni kuwa ga ni zaune daram a rumfata cikin kasuwar Tawa! Kin tuna sharaɗin Baba? Ya ce ba ya ba ɗan cin rani ɗiyarsa, amma in an saki gonaki, motoci sun tafi, ni ina nan, to in turo manyana. Ga shi an saki, sun tafi, ina nan!

Na raka su tasha. Ma'azu, abokin tafiyata na kowace shekara, ya leƙo ta taga yana ihu wai an kama Yunusu, wai na zama fursunan 'yar ƙauye. Tasha duka ta kwashe da dariya, ni ma na taya su. Amma da na dawo sai na zauna ina juya kalmar kamar yadda nake juya kaya kafin in saya. Fursuna? Haba! Ni mai sayar da igiya ne, tun ina lakkol, makarantar boko, nake murza kaba da yamma. In maganar ɗauri ce, ni za a tambaya.

Fursuna, hasken idona, shi ne wanda alƙali ya yanke wa hukunci aka kai shi gidan kaso aka garƙame. Ba ya da aiki sai jiran ranar fita. To ni wace fita nake jira? Da za a buɗe mini ƙofa, wallahi da kaina zan maida ita in danna da kafaɗa! Tsarewa kuwa ta jandarma ce, a ajiye mutum har a gama bincike, in ba laifi ya kama gabansa. Wannan ke ma kin san ta, ko kin manta jar akuyarki?

Ni dai ban manta ba. Ranar kasuwar Affala ce, damina ta yi nisa, gero ya fitar da kai, akuyar ta tsinke ta faɗa gonar mutane, aka kai ta garken maigari kamar yadda aka saba. Ina shimfiɗa igiyoyina sai ga ki kin taho kamar hadarin gabas, gyale a kafaɗa, idanu kamar taurari biyu da aka ɓata wa rai, kina cewa an ɗaure miki akuya ba shari'a. Dogarin maigari yana ta rantsuwa cewa tsare ta kawai aka yi har mai gona ya zo. Na bar kayana a rana, na je na yi ta zuba wa mai gonar zance har ya yafe ya koma yana ba ki haƙuri. Na miƙa miki sabuwar igiya, kika duba ta sama da ƙasa, kika ce murzar ba ta yi ƙarfi ba. Ni! A gaban jama'a! Kika ja akuyarki kika tafi, ita an sake ta, ni kuwa tun ranar ban sake zama mai kaina ba.

Shekarar nan na yi ƙoƙarin yin wayo, kin san hali. Na ce bari in yi wa kaina dabaibayi, irin wanda Aghali mai raƙuman Tebaram yake saye a wurina: a haɗa ƙafafun gaba, dabba ta yi kiwo tana tsalle-tsalle, ba ta yin nisa. Na ce in je Ƙonni, in dawo. Na kuma yi tunanin talala, doguwar igiyar nan da ke sa dabba ta zaci sake take, sai ta kai ƙarshe ta ji an fizgo ta. Na ce in je Abijan ɗin, igiyata na hannunki, ki fizgo in kin so. Sai kika kashe mini baki a kasuwar Takanamat, kina jera cukunki na nonon shanu a faranti, ba ki ko ɗago kai ba. Kika ce in dubi yayarki Safi. Mijinta ya tafi cin rani ya bar ta gidan iyayensa, damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ba aure ba saki. Kika ce wannan shi ne kurkuku, kuma ba za ki shige shi da ƙafarki ba.

Na kwana biyu maganar tana cina. Gaskiyarki, har ma kin rage. Na kurkuku ya san ranar fitarsa, Safi wa ya faɗa mata tata? A talalar da na tsara, ashe ke ce za ki zauna a ɗaure, ni ina can ina shan iskar teku! Wane irin so ne wannan, mutum ya saka kurciyarsa a keji ya tafi da mabuɗi a aljihu?

Don haka na zaɓi turke. Turke ba na mai laifi ba ne, ya sanyin zuciyata. Dabbar da ake ji da ita ake kafa wa shi a tsakar gida, kusa da ɗaki, inda ido ke ganinta safe da yamma. Na kama rumfa ta dindindin kusa da masu sayar da fata, na ba wani kujerata ta mota, na faɗa wa duk wanda ya tambaya cewa Yunusu ya gama yawo.

Kuma ki ji wannan da kyau, don na san abin da ƙawayenki ke raɗa miki game da mazan birni: ba kulle a gidana. Ba zan ɗauko tsuntsuwar fadama in rufe ta bayan katanga ba. Cukunki zai ci gaba da zuwa kasuwa, ke ce za ki kai shi, ni in tsaya daga nesa ina kallon yadda kike wahalar da masu neman ragi.

Sharaɗin Baba ya cika, kawuna ya wanke babbar rigarsa, goro yana cikin buhun algarara. Abu ɗaya ya rage, kuma shi ne ya hana ni cin abinci: ke ba ki taɓa ce mini e ba. Ba zan tura dattijo ya zauna a tabarmar mahaifinki ba sai na san zuciyarki. Ga igiya nan tare da takardar, da hannuna na murza ta, ki gwada ƙarfinta yadda kika ga dama. Ban yi mata ƙulli ko ɗaya ba. In kin yarda, ki ƙulla bakinta ki ba mai motar Affala ya kawo mini. In ta dawo a sake, zan gane, ba zan dame ki ba, amma ki sani ko a hakan ba inda za ni.

Ki ƙulla, Jannatu, ki ja da ƙarfi! Na rantse da Wanda ya halicce ki, ba zan nemi mai kwance ƙullin ba har ranar da za a ɗauke ni a makara.

Naki, jiya da yau da abin da ya saura,
Yunusu mai igiya, kasuwar Tawa.