Fasfon baƙona yana kulle cikin akwatina

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida mai kula da wannan shafi da masu karanta shi, manya da ƙanana. A sakaya sunana, don sananne ne a Birnin Damagaram. Na haura saba'in ban taɓa kai kukana gaban jama'a ba, saboda haka ku saurara tukuna kafin ku yanke mini hukunci.

Wan mahaifina ya tafi Makka a ƙasa tun ba a haife ni ba, ya tsaya a Sudan, bai komo ba. Gidan kakanmu ya zauna hannun mahaifina, daga shi sai ni. Bana sai ga waya daga Sudan, daga wani mutum, mu ce Usman, wai jikan wan mahaifin nawa ne, yana so ya ga tushensa. Ya roƙi in yi masa takardar masauki don ya sami biza. Na je meri, ofishin magajin gari, na sa hannu, aka buga hatimi. Gidanmu gidan fatoma ne, masu saukar da fatake tun zamanin ayari, ba mu taɓa mayar da baƙo ba.

Ya iso da bizar kwana talatin. Kamili ne a ido, Hausarsa irin ta tsofaffinmu. Ranar da ya sauka ya miƙo mini fasfonsa da hannu biyu, yadda fatake ke ba fatoma ajiya, ya ce, "Baffa, a kan iyaka an ce lalle in bayyana kaina ga 'yan sanda a komisariya. Kai ne ɗan gari." Na ce, "Huta, ɗana, wannan aikina ne." Washegari na karɓo takardar da ake cikawa. A ciki akwai wurin da ake rubuta abin da ke tsakanin baƙo da mai masaukinsa. Nan hannuna ya tsaya. In rubuta ɗan'uwa, hukuma ta buga hatiminta a kai, ashe ban shaida da kaina cewa gidan nan yana da wani magaji ba? Na ce bari in ɗan lura da shi tukuna.

Abin da na gani kuwa bai kwantar mini da rai ba. Ya tambayi ɗakin da aka haifi kakansa. Ya taka daga zaure har katangar baya yana ɗaukar hoto. Ya tambayi gonarmu ta Zermu, har da inda ta yi iyaka. Me ya haɗa mai ziyara da iyakar gona? Me yake tattaunawa da limaminmu bayan la'asar har na tsawon wannan lokaci? Wa ma ya tabbatar mini jininmu ne, ban da bakinsa? Sai na kulle fasfon da takardar cikin akwatina, na ce masa suna komisariya, ai ya san nawar aikin hukuma. Ya ce, "Allah ya saka, Baffa, na wahalar da kai." Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da wa'adin ya matso ya tuna mini, na ce ana ƙara masa kwanaki. Ƙarya ta biyu ke nan, da furfurata. Ya so zuwa Gidimuni gaida dangi, na hana shi da sunan zafin rana, alhali jandarmomin hanya nake tsoro. Yau kwana tara da ƙarewar bizar, ba sunansa a ko'ina. Mai ɗakina ma ta fara cewa, "Malam, yaushe makullin akwatin nan ya koma aljihunka?"

Jiya aka kira shi, wai mahaifiyarsa na kwance rai a hannun Allah. Ya durƙusa gabana ya ce, "Baffa, Litinin ka raka ni mu karɓo, ko roƙonsu ne sai in yi." Na rantse har yau kalmar gado ba ta taɓa fitowa bakinsa ba. Amma zuciyata ba ta daina raya mini cewa ko ya gane, yana so ne ya kai ni gabansu in tozarta.

In na fito da fasfon, shi za a fara tuhuma da zama ba izini, ni kuma sunan gidanmu ya zube. In na yi shiru, uwarsa na iya cikawa bai gan ta ba, ni ne sanadi. Litinin jibi ce. Jama'a, don Allah, me zan yi?