Labarin da Ya Riga Mu Fita

Garuwa, daren Laraba

Mako uku ina haɗa labarin wani kamfanin sabulu da zai sauya masu yi masa talla, don bangon mujallarmu ta harkar talla. Yau da hantsi sai ga shi a shafin intanet na abokan hamayyarmu, ko wasali ba su canza ba. Mu muna jiran maɗaba'a, su waya kawai suke dannawa.

Alhaji Bello, mai mujallar, ya tara mu. Ya ce, "Wani a ɗakin nan yana sayar da mu. Gobe kowa ya ajiye min wayarsa a tebur."

Ni ce sanadi, amma wallahi ban sayar da kowa ba. Ƙawata Hajara na tura wa ta waya, ta gyara min Faransancin, don da shi mujallar take fita. Ban san ta koma aiki wurinsu ba. Na kira ta, ba ta ɗauka.

Na buɗe saƙon zan goge, na kasa. In na goge, Musa mai ɗaukar hoto za a kora, don shi Alhaji yake zargi, ga matarsa ta kusa haihuwa. Ya Allah, ka ba ni ƙarfin buɗe baki gobe.