Bargon Goggo

Goggo,

Bayan gaisuwa da tambayar Mansura da yara, ina sanar da ilahirin mutanen Yargoje cewa yatsun ƙafata da sanyi ya daskarar sun dawo bakin aiki jiya.

Kada ki damu. Injinmu ba ya sarar dutse, narka shi yake da zafi, har mu tarar da ruwan zafi a ƙarƙashin ƙasa a yi lantarki da shi. Za mu huda dutsen, in sha Allahu. Sai dai zafin yana can ƙasa, ni ina sama cikin dusar ƙanƙara ina karkarwa kamar ɗan tsako.

Allah ya ƙara girma. Abokina Sadiq zai taho nan daga gida, ki ba shi bargon nan da na ƙi karɓa. Na ce miki mai narka dutse ba ya jin sanyi. Na yi kuskure.

Ɗanki,
Maharazu